Ɓangarori nawa ne a hantar mutum: biyu, huɗu ko takwas?

Malam Isufu, Tawa

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a nan Tawa, kuma ina cikin shirya darasi a kan gaɓoɓin narkar da abinci. Da na zo kan hanta sai na tarar bakin littattafan da ke hannuna bai zo ɗaya ba. Littafin ɗalibai ya ce ɓangarorinta biyu ne, na dama babba da na hagu ƙarami, wani tsohon littafi da na aro ya ce huɗu ne, sannan a takardar sakamakon ekografi, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura, da wani maƙwabcina ya kawo mini in karanta masa an rubuta cewa an ga ƙurji a yanki na 7, abin da ke nuna cewa akwai wani lissafi na uku wanda ban san tushensa ba. Ina roƙon masana su bayyana mini wanne ne daidai, da kuma abin da aka dogara da shi wajen wannan rabo. Tambaya ta biyu ita ce, idan na sayo hantar rago a wurin mahauta na kai aji, shin za ta nuna wa yara abin da ke cikin mutum, ko kuwa za ta ƙara rikita su?

Likita Mahamadu, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam Isufu. Duka ukun daidai ne, sai dai kowanne da inda ya tsaya ya dubi hantar. Mai cewa biyu daga gaba ya dube ta, mai cewa huɗu ya juya ta ne ya dubi ƙasanta, mai cewa takwas kuwa bai kula da abin da ido ke gani a waje ba, jijiyoyin da ke cikinta ya bi. A wurinmu masu aikin tiyata, lissafi na ukun ne ke da amfani.

Hanta tana zaune a saman ciki ta hannun dama, ƙarƙashin tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, kuma haƙarƙari ya rufe mafi yawanta. Samanta yana kaiwa wajen haƙarƙari na biyar, wato ta fi hawa sama fiye da yadda mutane da yawa ke zato, gefenta na ƙasa kuma yana bin bakin haƙarƙari, shi ya sa ba a cika taɓa ta da hannu a jikin baligi mai lafiya ba sai idan ya ja numfashi mai zurfi ta ɗan sauko. Nauyinta a baligi yana kusa da kilo 1.5, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma a jariri takan kai kashi 4 zuwa 5, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa cikin jariri ya yi tudu.

Idan aka buɗe ciki aka dube ta daga gaba, za a ga wani siririn tantani mai ninki biyu ya ɗaure ta da bangon ciki, ya kuma raba fuskarta gida biyu, na dama mai girma da na hagu ƙarami. A gefen ƙasa na wannan tantani akwai wata igiya mai tauri da ta nufi cibiya, wadda ita ce ragowar jijiyar da ke kawo wa ɗan tayi jini daga mabiyiya kafin a haife shi. Wannan shi ne biyun da ke littafin ɗalibanka. Idan aka ɗaga hantar aka dubi ƙasanta, sai wasu ƙananan ɓangarori biyu su bayyana, ɗaya mai kusurwa huɗu tsakanin maɗaciya da kwarin waccan igiya, ɗaya kuma can baya, yana jingine da babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙasan jiki zuwa zuciya. Biyu da biyu, huɗu ke nan.

Tsakanin waɗannan ƙananan ɓangarori akwai wata tsaga da muke kira ƙofar hanta, kuma daga nan ne lissafi na uku ya faro. Abubuwa uku ne ke bi ta wannan ƙofa a tare. Na farko jijiya ce mai bugawa wadda ke kawo jini mai iskar oksijin daga zuciya. Na biyu jijiyar ƙofa ce, mai kauri, tsawonta kimanin santimita 8, wadda ke tattaro jinin tumbi da hanji da saifa ta kawo shi hanta kafin ya wuce ko'ina. Na uku kuwa bututu ne da ke fita da ruwan maɗaciya. Jinin da ke ratsa hanta a minti guda yana kusa da lita 1.5, kusan rubu'in duk abin da zuciya ke turawa, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan jini ta jijiyar ƙofa yake zuwa. Da zarar waɗannan ukun sun shiga, sai kowanne ya rabu biyu, reshen dama da reshen hagu, amma iyakar da ke tsakanin ƙasar da reshen dama ke shayarwa da ta reshen hagu ba ta faɗa kan wancan tantani da ido ke gani ba. Tana can ta wajen dama, a kan layin da ya taso daga gurbin maɗaciya ya nufi babbar jijiyar baya, kuma babu wata alama a fuskar hanta da ke nuna ta. Wani likita ɗan Sikotilan, James Cantlie, ya bayyana wannan layi a 1897, kuma sunansa yake ɗauke da shi har yanzu. Sakamakon haka, ɓangaren nan mai kusurwa huɗu, wanda a ido yake na dama, a jini na hagu ne.

Wanda ya kai maganar ƙarshe shi ne likitan tiyata Bafaranshe Claude Couinaud, wanda ya riƙa ɗura narkakkiyar roba cikin jijiyoyin hantar gawarwaki, ya bari ta daskare, sannan ya narkar da naman da sinadari har sai rassan kaɗai suka rage. A littafinsa na 1957 ya nuna cewa rassan suna ci gaba da rabuwa har su ba da yankuna takwas, kowanne da reshensa na jijiyar ƙofa, da na jijiya mai bugawa, da bututunsa na ruwan maɗaciya. Tun da kai mutumin jihar Tawa ne, ka ɗauki filin noman rani na Ƙonni: abin da ke sa gona ta zama gona guda a can shi ne hanyar ruwan da ke shiga cikinta, kuma ana iya toshe ta ɗaya ba tare da ta maƙwabci ta bushe ba. Yanki na 1 shi ne ɓangaren baya, na 2 da na 3 suna hagun tantani, na 4 yana tsakanin tantani da layin Cantlie, na 5 zuwa na 8 kuma su ne rabin dama na gaskiya, inda 5 da 6 suke ƙasa, 7 da 8 suke sama. Jijiyoyi uku masu kwashe jini su fita da shi suna bi ta iyakokin yankunan, ba ta tsakiyarsu ba. Yanki na 1 ne kaɗai ya fita daban, domin yana karɓar jini daga rassan dama da hagu duka, kuma yana zuba nasa kai tsaye cikin babbar jijiyar baya.

A ɗakin tiyata ana ganin wannan da ido: idan aka matse reshen dama a ƙofa, nan da nan rabin dama zai yi duhu, layin da ba a gani ya fito sarai, sai a bi shi da yanka. A kan wannan tsari ne Jean-Louis Lortat-Jacob ya ba da rahoton cire rabin dama na hanta a Faris a 1952, bayan ya fara ɗaure jijiyoyin a ƙofa.

Game da maƙwabcinka, Allah ya ba shi lafiya, yanki na 7 yana sama ta baya a hannun dama, manne da tantanin ƙirji. Ƙurji a wurin yakan sa mutum ya ji ciwo a kafaɗar dama, wani lokaci har da tari, domin jijiyar ji da ke hidimar wannan tantani daga wuya ta taso, kusa da waɗanda ke hidimar fatar kafaɗa. Likitan da ya duba shi ne zai faɗi irin ƙurjin, amma wanda ƙwayar atuni ke haddasawa ya fi yawa a rabin dama, tun da ƙwayar daga babban hanji take biyo jijiyar ƙofa, kuma rabin dama ne ke karɓar mafi yawan wannan jini.

Alhaji Salisu, Tawa

Malam Isufu, aikina duba lafiyar nama ne a mayanka, don haka zan amsa tambayarka ta biyu kawai. Ka kai hantar ragon aji, amma ka san abin da za ta nuna da abin da ba za ta nuna ba. Siffarta ta waje ba irin ta mutum ba ce, domin babban tumbin dabbobi masu tuƙa ya ture hantar kusan gaba ɗaya zuwa hannun dama, ya kuma karkatar da ita, har ɓangaren da ake kira na hagu ya koma ƙasa. Idan ka ce wa yara su nemo dama da hagu a kanta kamar yadda hoton littafi ya nuna, za su rikice. Abin da Likita ya bayyana game da ƙofa kuwa yana nan daram, kuma a ganina shi ya fi cancanta a gani.

Ka je da sassafe kafin a fara yanka ta, ka roƙi mahaucin ya ba ka ita da maɗaciyarta, kada kuma ya datse jijiyoyin ƙasanta, domin al'adarsu ce su fara cire maɗaciya don kada ta fashe ta ɓata naman da ɗaci. A ƙofar za ka ga jijiya mai faɗi da laushi, ita ce jijiyar ƙofa, da wata siririya mai kaurin bango, ita ce mai bugawa, da bututun da ke haɗe da maɗaciya, wanda in ka matsa maɗaciyar a hankali za ka ga koren ruwa ya biyo shi. Ka sami babban sirinji marar allura, ka jiƙa bula ta wanki, ka tura bakin sirinjin cikin reshe guda na jijiyar ƙofa, ka ɗaure da zare, ka ɗura a hankali. Wurin da wannan reshe ke shayarwa ne zai canza launi, sauran ya tsaya yadda yake, kuma yaron da ya ga wannan ba zai sake buƙatar a haddace masa dalilin rabon ba. Su sa safar hannu, kuma a binne hantar bayan darasi, kada wani ya ce zai gasa.

Idan ka sami ta raƙumi, ita ma ta cancanci gani, domin raƙumi ba shi da maɗaciya ko kaɗan, haka ma doki da jaki, ruwan yana gangarawa ne kai tsaye daga hanta zuwa hanji. Wannan yana taimakawa wajen gyara wani kuskure da na sha ji, wai maɗaciya ce ke yin ruwan. Hanta ce ke yin sa, kimanin rabin lita zuwa lita guda a yini a jikin mutum, maɗaciya kuwa ma'aji ce da ba ta ɗaukar fiye da kimanin mililita 50, tana tsotse ruwan ya yi kauri ta riƙe shi har a ci abu mai maiƙo. Idan kuma ka yanka ka tarar bututan ciki sun yi fari sun yi kauri, wataƙila har da wasu tsutsotsi masu faɗi a ciki, dabbar ta yi kiwo ne a bakin tafki inda ƙananan dodon koɗi ke yaɗa su. Irin wannan hanta muna hana sayar da ita, amma a wurin malami tana da daraja, domin tana fito da hanyoyin bututan fili.

Malama Ramatu, Yamai

Barka da ƙoƙari, Malam Isufu. Ina aikin ekografi, kuma ina so in ɗan rage wa lamba takwas ɗin nan ƙarfi, tare da girmama bayanin Likita. Tsarin Couinaud taswira ce da muka yarda da ita don mu fahimci juna, ta yadda in na rubuta yanki na 7 a Yamai, likitan da ke Tawa ko Damagaram zai san inda nake nufi. Amma jikin mutane ba ya bin taswirar sau da ƙafa. Akwai waɗanda jijiyar ƙofarsu ke rabuwa uku a maimakon biyu, kuma aƙalla mutum ɗaya cikin huɗu yana da jijiya mai bugawa da ta taso daga wani wuri dabam da wanda littafi ya zana. Shi ya sa ba a yanka hanta sai an ɗauki hoton jijiyoyin mutumin da kansa. A na'ura ma ba ma ganin layi tsakanin yankuna, jijiyoyin muke nema mu yi kirdado da su: rassan jijiyar ƙofa suna da bango mai haske saboda rigar da ke lulluɓe da su, jijiyoyin fita kuwa kusan ba a ganin bangonsu.

Wannan riga ci gaba ce ta siririn tantanin da ya naɗe hantar duka, wanda Francis Glisson na Ingila ya bayyana a 1654. Naman hanta shi kansa ba ya jin ciwo, tantanin ne ke ji idan kumburi ya miƙe shi da sauri. Wannan ne ya sa cuta ke iya cin hanta shekara da shekaru mai ita bai sani ba, kuma a ƙasarmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Da ni ce ke da ajin, da abin da zan fi ba lokaci shi ne tafiyar jinin a cikin naman. Hanta an gina ta ne da ƙananan ɗakuna masu kusurwa shida, faɗin kowanne milimita 1 zuwa 2. A kusurwoyin akwai ƴan rassan abubuwa ukun nan na ƙofa, a tsakiya kuma akwai ƙaramar jijiyar fita. Jinin hanji da jinin zuciya suna gauraya su gangara daga gefe zuwa tsakiya ta cikin wasu ƴan hanyoyi masu huda-huda a bango, yadda ruwan jini zai taɓa ƙwayoyin hanta kai tsaye, su ɗebi sukari su adana, su sarrafa magani da guba, su zuba sunadaran da ke sa jini daskarewa. Ruwan maɗaciya kuwa akasin haka yake tafiya, daga tsakiya zuwa gefe. A bangon waɗannan hanyoyi akwai ƙwayoyin Kupffer masu cinye ƙwayoyin cuta da suka biyo jini daga hanji, a bayansu kuma akwai wasu da ke adana bitamin A, waɗanda idan hanta ta daɗe tana kumburi su ne ke juyawa su riƙa saƙa tabo.

Daga nan ne yawancin abin da nake gani a wurin aiki yake fitowa. Idan tabo ya matse hanyoyin, jinin jijiyar ƙofa ya rasa wucewa, sai ya taru a baya: saifa ta kumbura, ruwa ya cika ciki, jinin kuma ya nemi wasu ƙananan hanyoyi da za su kai shi zuciya ba tare da ya ratsa hanta ba. Mafi haɗarinsu su ne na ƙasan maƙoshi, inda jijiyoyi ke kumbura su fashe, mutum ya yi aman jini. Wani lokaci ma tsohuwar hanyar cibiyar nan da Likita ya ambata takan sake buɗewa, jijiyoyi su fito a fatar ciki. Akwai kuma nau'in tsargiya na hanji, wanda ake samu a wasu wurare a kwarin kogin Isa, wato Kwara, da ƙwayayensa ke maƙalewa a ƙananan rassan jijiyar ƙofa su haddasa irin wannan taruwar jini alhali ƙwayoyin hantar suna aikinsu.

Malam Isufu, Tawa

Na gode ƙwarai, Likita, Alhaji da Malama, Allah ya ƙara sani. Zan bi shawarar Alhaji a kan bula. Saura abu guda da na san yara za su tambaya, domin suna jin sa a rediyo: idan an cire rabin hanta, da gaske ne tana sake tsirowa, kuma yankunan da aka cire su ne ke dawowa?

Likita Mahamadu, Yamai

Gyaran Malama Ramatu yana kan hanya, kuma na yarda da shi. Amsar tambayarka, Malam, ita ce nauyin yana dawowa, siffar ba ta dawowa. Idan aka cire yanki na 5 zuwa na 8, babu wani sabon rabin dama da zai tsiro a gurbin. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin yankunan da suka rage, waɗanda a da ba su cika rabuwa ba, suna shiga rabuwa, har rabin hagu ya girma ya kusa cike nauyin da jiki ke buƙata, sannan ya tsaya. Higgins da Anderson sun nuna haka a 1931 lokacin da suka cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, suka ga nauyin ya dawo cikin kwanaki kaɗan. A mutum mafi yawan girman yana faruwa a makonnin farko, cikarsa kuma takan ɗauki watanni.

Wannan hali, haɗe da rabon yankuna, shi ya sa mai rai ke iya ba da kyautar wani sashe na hantarsa. Thomas Starzl ya fara dashen hanta a Amurka a 1963, amma da hantar mamaci. A 1989 aka yi nasarar farko ta ɗaukar sashe daga uwa a dasa wa ɗanta a birnin Brisbane na Ostareliya, kuma har yanzu yanki na 2 da na 3 ne aka fi ɗauka idan mai karɓa ƙaramin yaro ne, domin suna da rassansu a ware kuma girmansu ya dace da cikinsa.

Sai dai ka gaya wa yaran cewa abin yana da iyaka. A hanta mai lafiya dole a bar aƙalla rubu'i zuwa kashi 30 cikin 100, in ba haka ba abin da ya rage ba zai iya riƙe jiki ba kafin ya girma. A hantar da tabo ya riga ya ci ana son a bar kashi 40 ko fiye, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar yanka ko kaɗan, wanda shi ne halin da masu ciwon dajin hanta da yawa ke zuwa mana a ciki. Idan aka auna aka ga sashen da za a bari ya yi kaɗan, akwai dabarar da likitocin Japan suka fara a shekarun 1980: ana toshe reshen jijiyar ƙofa na ɓangaren da za a cire, jinin hanji duka ya koma ɗaya ɓangaren, a jira mako huɗu zuwa shida ya girma, a sake ɗaukar hoto a auna shi, sannan a sa ranar aiki.